Kogin Kaka a Cikin Kogon Siminti

Kakata bandar kifi take yi. A ƙauyenmu na bakin kogi, can gabas, murhunta ya fi na kowa girma. Na laka ne, tsawonsa ya kai ƙugun babban mutum, da ragar ƙarfe a kansa. Da la'asar masunta ke kawo mata tarwaɗa da karfasa, ta feɗe, ta wanke, ta jera. Kafin a idar da sallar magariba harshen wutar ya kwanta, saura garwashi da hayaƙi, aikin da ya rage mata juya kifi ne da korar maguna. A wannan lokacin muke samunta.

Mu biyu ne a hannunta, ni Rakiya da ƙanena Ilu. Mahaifiyarmu ta rasu yana jariri. Babanmu mai fito ne, yini yake yi a kan ruwa yana ƙetarar da mutane, in ya dawo bai da sauran ƙarfin hira. Saboda haka Kaka ce komai namu. Ni nakan zauna a kan turmin da aka kife, Ilu kuma ya shige jikinta ya kama gefen zanenta yana murzawa. Hayaƙi ya sa mu hawaye, tufafinmu su yi ta ƙaurin kifi har yaran makarantar allo na yi mana tsiya, amma ba mu taɓa matsawa ba.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga sandar juya kifi a bakin murhu sau biyu, ta ce, "Ga wata ta taso daga ruwa." Mu ce, "Ta iso mu tare ta." Yawancin tatsuniyoyinta ita ke ƙirƙira, kuma ba ta jin nauyin ɗaukar kayan gidanmu ta zuba a ciki. Akuyarmu mai taurin kai, wadda muke kira Ba-Ruwana, ta shiga tatsuniya ta fi sau goma. Haka ma wata agwagwarmu da jaki ya taka wa ƙafa take ɗingishi.

Wadda Ilu ya fi so ita ce ta kogin da ya yi fushi. In Kaka ta tambayi wacce za a yi, kafin in buɗe baki ya riga ni.

Wai akwai wani gari da mutanensa ke ɗiban ruwa ba sa gaida kogi. Su sha, su yi wanka, su yi wanki, su juya masa baya su tafi. Ran nan gari ya waye, suka zo da tuluna suka tarar kogi ya naɗe kansa ya bar musu yashi. Maza suka taru suna shawara har rana ta faɗi ba su yanke komai ba. Sai wata yarinya mai suna Delu ta ɗauki ƙwarya ta bi sawun kogi, ba wanda ya raka ta sai agwagwa mai ɗingishi. Tana tafe tana waƙa. A nan Kaka ke rage murya ta yi ta ta hanci:

Kogi, kogi, ina kwana,
Mun sha ba mu ce sannu ba.

Bayan doguwar tafiya ta same shi a wani kogo, ya nannaɗe kamar mesa yana barci. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Kogi ya buɗe ido ɗaya ya ce zai koma, amma da sharaɗi: sai ta faɗi duk abin da ya taɓa ɗaukewa daga gidansu, kar ta bar ko ɗaya. Delu ta fara. Tabarmar da ambaliya ta tafi da ita. Taɓaryar innarta. Akuya Ba-Ruwana. Kogi ya ce saura. Ta lalubo takalmi wari guda, ta lalubo ludayi. Kogi ya ce saura. Ta san abin da ya rage. Tana da ƙane, Jatau, da ruwa ya ci shekarun baya, kuma tun ranar ba wanda ya sake kiran sunansa a gidan. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce, "Ka ɗauki Jatau." Kogi ya yi kuka, kukan ya cika kogon, ya kwashe ta ita da agwagwar ya gangaro da su har ƙofar gari.

Kullum a nan Ilu ke tambaya, "Kaka, Jatau fa? Ya dawo?"

"Bai dawo ba, ɗan nan. Kogi ba ya mayar da mutum. Amma daga ranar an ci gaba da kiran sunansa, uwarsa ta samu barci."

"To ki sa ya dawo mana."

"Ni na isa? Tatsuniya ta koma ruwa. Kowa ya nemi tabarmarsa."

Ina da shekara goma sha uku, Ilu na da shida, ranar da mutanen daji suka shigo mana. Da hantsi ne, ranar kasuwa. Kowa ya yi bakin kogi. Babanmu ya cika jirginsa ya ƙetare, ya dawo ya sake cikawa, a zuwa na uku ne harsashi ya same shi, an faɗa mana daga baya. Mu muna cikin ruwa har ƙugu, cikin ɗaruruwan mutane, kowa na neman gefen jirgin da zai kama. Hannuna na dama na riƙe da Kaka, na hagu na riƙe da Ilu. Wani ya bangaje Kaka ta nutse. Hannu ɗaya bai iya ɗago ta ba. Na saki Ilu na sa hannu biyu. Da na ɗago ta na waiwaya, babu shi.

Ba zan ba da labarin yadda muka iso Abuja ba, mai tsawo ne. Mun ƙare a Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira irinmu suka kafa ɗakunan buhu da kwano. Shekarar farko na bi duk wanda ya zo da takarda da biro yana rubuta sunayen waɗanda suka ɓace. Na ba da sunan Ilu har na gaji. Daga baya muka yi shiru. Kaka ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa mata ba. In magana ta biyo ta kansa sai ta ce "yaron nan," ni ma na koyi cewa haka. Yaran sansanin sukan taru a ƙofarmu da yamma saboda sun ji an ce ta iya tatsuniya, ta ce musu ta manta. Shekara huɗu ta yi a nan Allah ya karɓi abinsa.

Ni kuma na samu aikin reno a gidan wata Hajiya da ke aiki a ma'aikatar tarayya. 'Ya'yanta biyu, mace da namiji. Ina zuwa da safe, in kai su makaranta tare da direba, in ɗauko su, in koma Kuchigoro da yamma. Haka rayuwa ta tafi har shekara goma sha ɗaya da rabuwarmu da gida.

A hutun ƙaramar sallah Hajiya ta ce in raka yaran wani wurin wasa da ke bakin gari. Akwai lilo iri-iri, amma su jirgin ruwa suke so. Amira, babbar, ta yi ta ba ni labari a mota. Ta ce da can ɓarayin teku ne a ciki, Turawa masu takubban roba, duk fentinsu ya kwaile, ba mai hawa. Yanzu an rufe shi wata shida an sake shi gaba ɗaya. Ni ban so shiga ba. Tun ranar nan ban sake hawa wani abu da ke yawo a kan ruwa ba. Amma ba a barin yara su shiga su kaɗai, ruwan kuma na duba bai wuce gwiwa ba, a cikin kwatar siminti yake gudu. Na yi bisimilla na zauna a baya na riƙe ƙarfe.

Jirgin roba ne da aka yi shi kamar kwalekwale. Ya ja mu a hankali ya shiga wani kogo na siminti. Fitilu suka kama. Ga mutum-mutumin mata da tuluna, sun juya wa ruwa baya. Wata murya ta fito daga lasifika, ta yi Turanci, sannan ta yi Hausa: wai akwai wani gari da mutanensa ba sa gaida kogi.

Na ce a raina tatsuniyoyi sukan yi kama. Jirgin ya karya kwana. Ga yashi, ga yaro da ƙwarya, ga agwagwa a bayansa, an sa mata inji tana tafiya tana dogara ƙafa ɗaya. Sai waƙar ta taso, yara ne suka rera da ganga da sarewa, amma kalmomin ba a taɓa ko ɗaya ba. Mun sha ba mu ce sannu ba.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da jirgin ya karkata Amira ta ja rigata. "Anti Rakiya, ki zauna, za su tsayar da mu." Na zauna. Muka shiga wuri mai faɗi inda aka yi kogin da shuɗayen fitilu, ya nannaɗe har rufi. Yaron na durƙushe yana lissafi. Tabarma. Taɓarya. Akuya Ba-Ruwana. Kogi ya ce saura. Jirgin ya fara hawa tudu, sarƙa na ƙara a ƙarƙashinmu. Muryar ta ce, "Ka ɗauki yayata."

A ƙolin tudun wata yarinya ta bayyana a bayan kogin tana murmushi tana ɗaga hannu, sai jirgin ya sulmiyo da mu ƙasa, ruwa ya watsu, yara na ihu suna dariya. Da muka tsaya na kasa fita. Sai da ma'aikacin wurin ya kama hannuna.

A duniya mutum uku ne suka san sunan akuyar nan a cikin wannan labari. Ɗaya na kabari, ɗaya ni ce. Kuma a bakin Kaka yarinya ce ke neman ƙanenta. Wanda ya juya shi ya zama yaro ke neman yayarsa, na san dalilin da ya sa ya juya.

Na tambayi ma'aikacin wa ya kawo labarin. Ya ce shi sabo ne. Na tambayi mai sayar da tikiti, ta ce in matsa akwai layi. Na je ƙofar ofis, maigadi ya tare ni da Hausarsa ta ɗan koyo.

"Malama, ina za ka?"

"Wanda ya yi labarin jirgin nan nake nema."

"Oga ba ya nan. Yau sallah. Kuma ba a ganin oga haka kawai, sai kana da takarda."

"Ɗan'uwana ne ya ɓace. Ina jin shi ya ba da labarin."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, jiƙe sharkaf, ga yara biyu na jan zanena. "Kowa da labarinsa a nan. Je ka gida."

Lahadi ce ranar hutuna. Lahadi uku a jere ina zuwa in zauna a gindin wata bishiya daura da ƙofa, in tare duk wanda na ga da rigar ma'aikata. Wasu su saurare ni, wasu su ɗauka bara nake yi. Sau biyu na sayi tikiti na shiga jirgin ni kaɗai cikin yaran mutane, ina kasa kunne ko muryar lasifikar tasa ce. Wauta ce, muryar wani babban mutum ce irin ta masu karanta labarai, kuma ni muryar ɗan shekara shida na sani. Abinci ya daina shiga mini. In na kwanta sai in ga kamar yana nan cikin garin nan, wataƙila mun taɓa shiga mota ɗaya, wataƙila gobe zai kama hanya ya bar Abuja ina zaune a gindin bishiya.

A Lahadi ta uku wata mai shara, Maman Joy, ta ajiye tsintsiyarta ta zo ta tsaya a kaina.

"Kai ne mai neman ɗan'uwa? Na ji su suna maganarka. Ba oga za ka nema ba, oga bai san komai. Akwai wani Madam, shi ya zana komai na ciki. Talata yake zuwa duba injin, da rana."

Ranar Talata na kai yara makaranta, na ce wa direba zan dawo kafin a tashi. Na je na jira. Sha biyu, ɗaya, biyu, Madam ba ta zo ba. Na san lokacin ɗauko yara ya yi, na san makarantar ba ta ba direba yara sai da ni, amma ƙafata ta ƙi tashi. Har biyar ina wurin. Ba ta zo ba.

Na isa gidan Hajiya bayan magariba. Tana tsaye a falo da kayan ofis a jikinta.

"Rakiya, daga taro aka kira ni. Yarana na zaune a ofishin shugabar makaranta har ƙarfe huɗu da rabi. Wayarki a kashe. Shekara shida kina gidan nan ban taɓa ɗaga miki murya ba. Ki faɗa min abin da zai hana in sallame ki yau."

Na durƙusa. Na buɗe baki in ce "yaron nan," sai na ga ba za ta gane ba, don ban taɓa gaya mata ina da ƙane ba. Na ce, "Hajiya, ina da ƙane. Sunansa Iliyasu, Ilu muke ce masa." Rabon da sunan ya fita daga bakina tun Kaka na da rai. Na faɗa mata komai, har da sakin hannun, wanda ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ba.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Abin da kika yi wa yarana bai yi daidai ba, kar ki sake. Tashi ki wanke fuskarki." Ta ɗauki waya ta shiga ɗaki. Na ji tana Turanci da mutum ɗaya, da na biyu, da na uku. Abin da na yi sati uku ina nema a gindin bishiya, ta same shi kafin a kira isha'i.

Ranar Alhamis Madam ta karɓe ni a wani ɗan ofis cike da zane-zane. Bayarabiya ce, amma a Kano ta tashi, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta ce da aka ba ta aikin sake jirgin, masu wurin fenti kawai suke so a canja. Ita ta ce musu fenti ba zai dawo da mutane ba. Jiƙewa da ruwa sau ɗaya ta ishi kowa, abin da ke sa yaro ya ce a sake shi ne in ya damu da wanda ke cikin labarin, har faɗowar jirgin ta zo daidai lokacin da zuciyarsa ke rataye. Ta karanta littattafai, ta tambayi malamai, ba ta samu labarin da ya dace da kwatar ruwan ba.

"Ran nan na shigo kogon da rana, leburori na hutu suna cin rogo. Wani saurayi mai yaɓen siminti na ba su labari suna yi masa dariya, wai ƙato da tatsuniya. Na tsaya a bayan katako na ji har ƙarshe. Na ce wannan ne. Na zaunar da shi kwana biyu yana faɗa ina rubutawa."

"Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Agwagwa suke ce masa, saboda labarin. Wallahi ban tambayi sunansa na yanka ba. Na sallame shi da abin da ya samu, amma ban tambaya ba."

"Ƙarshen fa? Shi ya ce yayar ta dawo?"

"A'a. Wannan ni ce. Ya ce min kogi ba ya mayar da mutum. Na ce masa ba zan fito da yaran mutane suna kuka ranar sallah ba. Ya ce to in yi yadda na ga dama, amma ba haka aka ba shi ba. Ko ranar buɗewa bai zo ba."

Ta kira ɗan kwangilar da ya kawo leburorin. Ya ce aiki ya ƙare tun watanni, yaran sun watse. Wanda ake ce wa Agwagwa ya ji an ce yana buga bulo a wajen Kuje, bai san wane fili ba, kuma yaron ba shi da waya.

Ranar Asabar Hajiya ta ba ni hutu. Na shiga motar Kuje da sassafe. Ban san filayen bulo na da yawa haka ba, kowace kwana akwai inji na ƙara da samari farare fat da ƙurar siminti. Na shiga na farko, na biyu, na biyar. Ina tambayar Agwagwa ana yi min dariya. Wani ya ce ya san shi amma ya koma gida noma. Na zauna a bakin kwalbati na yi kukana, na tashi na ci gaba, don wanda ya faɗa bai yi kama da mai tabbaci ba. Bayan azahar, a wani fili bayan gonar rogo, wani dattijo mai ba bulo ruwa ya nuna min da tiyo. "Ga shi can."

Ya juya baya yana sauke bulo daga katako. Ban buƙaci ya juyo ba. Kafaɗar babanmu ce, da yadda yake karkata wuya in ya ɗauki nauyi.

Na ce, "Ilu."

Ya ajiye bulon a hankali ya juyo. Dogo ne, siriri, ɗan gemu ya fara fito masa. Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙuwar da ta yi ɓatan hanya.

"Malama, wa ya faɗa miki wannan sunan? A nan ba mai kirana haka."

Hausarsa ta sauya, akwai Fillanci a cikinta. Na ce ni ce Rakiya. Na faɗi sunan ƙauyenmu, sunan babanmu, na ce na shiga jirgin na ji Ba-Ruwana. Bai matso ba. Ya ce wani mutum ne ya tsamo shi ya jefa shi a jirgin da ya gangara kudu, wata mai sayar da nono a bakin iyaka ta riƙe shi tare da 'ya'yanta, ita yake kira Inna. Ya ce fuskokinmu sun ɓace masa tun da daɗewa. Labarin kawai ya rage, don kullum yana faɗa wa kansa kafin ya yi barci.

"Kaka fa?"

"Ta ƙetare kogin. Ta rasu a nan Abuja, shekara bakwai ke nan."

Ya gyaɗa kai. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa. Injin bulon ya tsaya, sauran ma'aikata na kallonmu.

"Akwai abin da nake so in sani," ya ce. "Na daɗe ina tunaninsa. A cikin ruwan nan, ni na saki hannunki, ko ke kika saki nawa?"

Ina iya cewa taron ne ya raba mu, ba wanda zai ƙaryata ni. Na ga kuma a fuskarsa cewa shekara goma sha ɗaya yana zargin kansa ne.

"Ni na sake ka. Kaka ta nutse, na sa hannu biyu na ɗago ta. Kai ba ka saki ba. Ka riƙe ni da ƙarfi, sai da na fizge."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya ce, "To." Ya ɗauki bulon da ya ajiye ya kai shi layi. Ya dawo ya ɗauki wani. Na tsaya a rana ban san ko in tafi ba. A zuwa na huɗu ya tsaya a gabana, idonsa ja, ya ce, "Akwai inuwa can. Ki jira in tashi aiki."

Yau wata takwas ke nan. Bai dawo wurina da zama ba, yana da Innarsa da yake aika wa abin da ya samu, kuma ita ta yi wahalarsa. Duk Juma'a biyu yakan zo Kuchigoro bayan masallaci, ya ci abinci, ya zauna a bakin ƙofa. Bai ce ya yafe min ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Madam ta aiko mana da tikiti, ya ce ba zai shiga ba, ƙarya aka yi a ƙarshen.

Ni na kasa yanke hukunci a kan wannan. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce a riƙa gaida na gaba. Da na girma na ga ashe magana take yi a kan gidan da aka yi rashi aka kulle baki, kuma ita da ta ƙirƙira ta, da abin ya zo kanta, ba ta iya ba. Ba na ganin laifinta. Ni ma sai da aka kusa korata daga aiki na iya. Madam kuwa ta saka yarinya mai murmushi don ta sayar da tikiti, amma ba don ta tsaya a bayan katako ta saurari lebura ba, da har yau ban san yana raye ba. Kaka ta ce ba a dawowa, Madam ta ce ana dawowa da dariya. Wanda ya dawo mini saurayi ne mai shiru, wanda ban san abin da yake so da abin da yake ƙi ba, kuma shi ma bai san kansa kafin shekara shida ba sai abin da na faɗa masa.

Ya fara tambaya kaɗan-kaɗan. Wace irin murya babanmu ke da ita. Ko mahaifiyarmu doguwa ce. Juma'ar da ta wuce, yana ɗaura takalmi zai tafi, ya ce ko na san lokacin da aka haife shi, don a takardarsa Inna ce ta yi kintace. Na ce da damina ne, gero ya fara fitar da kai, ranar Laraba da asuba, kuma ni aka aika in kira ungozoma na faɗi a taɓo sau biyu.

Ya kwance takalmin ya koma ya zauna. Ya ce in dakata ya aro biro.